Cila ko VRF, sola ko batir? Amsoshin tambayoyinku kan mol mai tsimin wuta

Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon saƙonnin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato manyan rukunin shaguna, mol kenan, da yadda za a saka musu sanyi da haske da iska ba tare da kuɗin wuta ya lamushe ribar haya ba. Na tsinci waɗanda nake ganin za su amfani mutane da yawa, wasu na ɗan gajarta su.

Tambaya ta farko daga wani Alhaji: "Malam ina gina mol mai hawa biyu, shaguna wajen 80 da babban kantin kayan masarufi guda ɗaya da wurin cin abinci. 'Yan kwangila biyu sun kawo min takarda, ɗaya yace cila mai hasumiyar ruwa, ɗayan yace VRF. Kuma duk su biyun sun ce a ƙara girman injin fiye da abinda lissafi ya bayar don kada wata rana a ji kunya. Wanne zan ɗauka?"

Alhaji Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a gama lafiya. Ga wanda bai sani ba, cila babban inji ne da ke sanyaya ruwa a zagaya da shi cikin gini, hasumiyar kuma ita ce ke fitar da zafin waje ta hanyar turarar da ruwa. VRF kuwa injin waje ne da ke tura gas ɗin sanyi ta bututu zuwa ƙananan AC na kowane shago. Amma kafin mu je kan wanne, waye ya yi lissafin? In dai wanda zai sayar maka da injin shine ya auna girman injin da kake buƙata, toh an ba kura ajiyar nama kenan. Ka nemi injiniya mai zaman kansa wanda ba ya sayar da komai, ka biya shi haƙƙinsa ya yi maka lissafin zafin ginin awa bayan awa na shekara guda cur a kwamfuta. Kuɗin da zaka ba shi ko kusa bai kai na inji ɗaya ba.

Dalili kuwa, injin sanyi ba sanyi yake ƙerawa ba, zafi yake kwasa daga ciki ya zubar waje, don haka girmansa ya danganta ne da yawan zafin da ka bari ya shigo. Kuma zafin nan an san hanyoyinsa. Rana tsaka in gari ya yi garau tana sauke kimanin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, rufi mai murabba'in mita 5,000 kaga megawat 5 kenan ke sauka a kansa, ba duka ke shiga ba, amma abinda zai shiga ya rataya ne a kan kalar rufin da kaurin abin tare zafin da aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Rufi fari mai mayar da hasken rana da rufi mai duhu ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Sai gilashi, musamman wanda ke kallon yamma da gabas. Sai mutane, kowane mutum ɗaya da ke zagaya shaguna yana fitar da zafi tsakanin wat 100 zuwa 150. Sai fitilu, waɗanda duk wat ɗin da suka ci a ƙarshe zafi yake zama a cikin ginin, ka biya kuɗin kunna su ka sake biyan kuɗin kwashe zafinsu. Sai iskar waje da ke shigowa ta ƙofofi, wadda in garin mai laima ne ita ce babbar matsala, domin raba iska da danshinta yana cin wuta sosai.

Tunda ginin bai ƙare ba kana da dama wadda mai tsohon gini ba shi da ita. Ka gyara rufi, ka sa rumfa ko inuwa ta waje a kan gilasan yamma, ka yi ƙofar shiga mai zaure wato ƙofa biyu a jere, ta farko ta rufe kafin ta biyu ta buɗe, ka sa sharaɗi a takardar haya cewa LED kawai za a kunna. Bayan an yi wannan sai a sake lissafi, zaka ga tan ɗin da ake nema ya sauka. Tan ɗaya na sanyi kusan kilowat 3.5 ne, kuma kowane tan da ka rage ba kuɗin inji kaɗai ka rage ba, har da girman taransifoma da kaurin waya da girman janareto.

Maganar a ƙara girma don kada a ji kunya kuwa, ni ban yarda da ita ba. Ɗan ƙari kaɗan ana yi, amma abinda ke faruwa shine mai zane ya ƙara nasa, ɗan kwangila ya ƙara nasa, mai sayarwa yace ai babu wannan sayis ɗin sai na gaba da shi, kafin ka ankara an kawo maka inji da zai yi shekara ba a taɓa ganin ƙarshen ƙarfinsa ba. Inji mai girman da ya wuce kima kunnawa yake ya mutu, ya kunna ya mutu, iska ta yi sanyi da wuri kafin a cire mata danshi, sai ka shiga mol ka ji sanyi amma jikinka na danƙo, shagunan takalma da jakunkunan fata kuma su fara warin funfuna. Kwamfireso, wato zuciyar injin da ke matse gas, ma baya son wannan tashi da kwanciyar. In tsoron lalacewa ne, maganinsa a raba, maimakon ƙaton inji ɗaya a sa biyu ko uku matsakaita, da safe ɗaya ya isa, da rana a tada na biyu, in ɗaya ya samu matsala kasuwa bata tsaya ba. Kuma in suna nuna maka takardar inji kada ka tsaya a kan ƙoƙarinsa lokacin da yake aiki da cikakken ƙarfi, ka tambayi lambar IPLV, ita ke nuna yadda yake cin wuta a rabin aiki, a nan ne zai yi mafi yawan rayuwarsa.

Toh yanzu ga tambayarka. Cila mai hasumiyar ruwa ita ce ta fi kowa tsimin wuta a babban gini, mai kyau tana ba ka kilowat 5 zuwa 6 na sanyi ko ma fiye a kan kowane kilowat ɗaya na wuta, mai sanyaya kanta da iska kuwa wajen 3 take bayarwa. Amma fa ruwa take sha. Kowane tan yana turarar da lita 6 zuwa 7 a awa in ana cikakken aiki, kaga tan 400 ya haura lita 2,400 duk awa, ban da wanda ake zubarwa don kada gishiri ya taru. Ruwan kuma sai ana sa masa magani ana gwada shi a kai a kai, in ba haka ba bututu ya yi kanta ƙarfin injin ya ragu, sannan ga ƙwayar cutar Legionella wadda ke son ruwa mai ɗumi da aka yi sakaci da shi, ita ce ta kashe mutane a wani taro a otal a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Wannan ba abin wasa ba ne a wurin da dubban mutane ke shiga.

VRF kuma, wanda kamfanin Daikin na Japan ya fara fitarwa a 1982 da sunan VRV, daɗinsa kowane shago yana da nasa iko, wanda ya rufe da wuri ya kashe nasa, ba sai an gina ɗakin inji babba ba, kuma ana iya sakawa kashi kashi yadda masu haya ke shigowa. Matsalarsa bututun jan ƙarfe ne cike da gas ke zagaye ginin gaba ɗaya a cikin silin, in walda ɗaya ta yi yoyo neman ta sai an sha wuya. Ba ya kawo iskar waje da kansa, dole a yi mata nata tsarin daban, kuma wasu 'yan kwangila a nan suke yin shiru don takardarsu ta fito da sauƙi, ka duba da kyau. Allon lantarkinsa in ya ƙone sai na kamfanin. Yawanci kuma baya kai shekarun cila.

A girman da ka faɗa ni cila zan ɗauka, a kai ruwan sanyi kowane shago a sa masa mitar da ke auna sanyin da ya sha. In kana da tabbacin ruwa da ma'aikaci na dindindin da ya san aikin, mai hasumiya. In ɗaya daga cikin biyun nan babu, ka ɗauki mai iska wadda kwamfiresonta ke rage gudu, ka haƙura da ɗan ƙarin wutar, ya fi maka kwanciyar hankali. VRF ka bar shi ga ofisoshin gudanarwa da wuraren da lokacin aikinsu ya saɓa da na sauran. Kuma ko wanne ka zaɓa kada ka yarda a sa famfo ko fanka babba ba tare da na'urar rage gudu ba, wadda suke kira VSD. Lissafinta abin mamaki ne, in ka rage gudun fanka da kashi 20 cikin 100 wutar da take ci tana sauka kusan rabi.

Wurin cin abincin ma ka sa ido. Bututun da ke zuƙe hayaƙin kicin iska mai yawa yake fitarwa, in ba a shigo masa da iskar da za ta maye gurbi ba daga waje kai tsaye, toh iskar da ka biya kuɗi ka sanyaya ita zai dinga zuƙewa, ginin kuma ya dinga jawo iska mai zafi ta ƙofar gaba. In ka taɓa shiga wuri ka ji ƙofar na da nauyin turawa ko tana fito, sau da yawa abinda ke faruwa kenan.

Wani ɗalibin zanen gini ya rubuto: "Yaya, malaminmu ya ba mu labarin mol a Zimbabuwe da ba ya amfani da AC. Me ya hana kowa ya kwaikwaya? Sannan ina so in sa rufin gilashi a tsakiyar zanena, laifi ne?"

Ƙanena, malamin naku Eastgate yake nufi, a birnin Harare, an buɗe shi a 1996, Mick Pearce ne ya zana shi tare da injiniyoyin kamfanin Arup, kuma ya ɗauko tunanin ne daga yadda gara ke sarrafa iska a cikin suri. Da dare fankoki na tura iska mai sanyi ta cikin ramukan da aka bari a kankaren benaye, kankaren ya sha sanyi, da rana ya dinga shanye zafin ɗakuna, iskar da ta ɗumama kuma ta hau ta fita ta bututun hayaƙi da ke saman ginin. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai Harare tana kan tudu kimanin mita 1,500 daga teku, darenta na da sanyi. Dabarar gaba ɗaya a kan sanyin dare ta dogara. Ka kai ta garin da dare ke da zafi da laima, babu abinda kankaren zai adana. Don haka abin koyi a wurin shine ka fara duba bayanan yanayin garin da zaka yi gini, bambancin zafin rana da na dare nawa ne, danshi nawa ne, kafin ka zana layi ɗaya.

Irin mol ɗin da aka saba gani, rufaffen akwati mai sanyi ko ɗumi iri ɗaya duk shekara, ya samo asali ne daga Southdale a jihar Minesota ta Amurka wanda Victor Gruen ya zana aka buɗe a 1956, jihar da hunturunta dusar ƙanƙara ce. Duniya ta ɗauka ta kwafa har a inda babu dalili. A ƙasa mai zafi ba dole ba ne a sanyaya farfajiya da hanyoyin tafiya kamar yadda ake sanyaya cikin shago, ana iya barinsu a inuwa da manyan fankoki masu juyawa a hankali, ko a ajiye su a digiri 26 shaguna kuma 24.

Rufin gilashi ba laifi ba ne a ƙasa mai sanyi. A mai zafi kuwa gilashin da ke kwance yana kallon sama shine mafi munin taga da zaka iya yi. In haske kake so, ɗaga tsakiyar rufin ka sa tagogi a tsaye a gefensa da baki mai yi musu inuwa, hasken zai shigo ba tare da rana ta faɗo kai tsaye ba. In kuma dole sai gilashin sama, ya zama kaɗan, ka duba lambar SHGC ɗinsa, wadda ke nuna yawan zafin rana da yake bari ya shigo, tana tsakanin 0 da 1, ƙarama ita ake so. Kuma ka sa sensa mai rage fitilun wurin in hasken rana ya wadata, in ba haka ba ga zafin rana ga fitilu a kunne, an yi biyu babu.

Wata Hajiya mai shagon tufafi a cikin mol tace: "An ce mu canza fitilunmu zuwa LED. Na gwada wasu, kalar kayana ta canza, ja ya koma kamar ruwan ƙasa, kuma cikin wata kaɗan suka fara ƙyaftawa. In koma tsofaffin?"

Hajiya kada ki koma. Ba LED ne ya ci amanarki ba, wanda aka sayar miki ne mara kyau. Ki duba jikin kwali akwai lamba da ake rubutawa CRI ko Ra, ita ke nuna yadda fitila ke fito da kala ta gaskiya. 80 ta isa hanya da sito, amma mai tufafi ko kayan kwalliya 90 ko sama take buƙata, kuma ki tambayi R9 domin ita ce ta jan launi, nan ne masu arha suke faɗuwa. Sai lambar K, 3000K haske ne mai ɗan ɗumi, 4000K fari ne tsaka tsaki, 6500K kuwa yana ɗaukar shuɗi shuɗi, shine ke sa kaya su yi fayau. Ki zaɓi ɗaya ki yi duk shagon da ita, kada a gauraya. Hanya mafi sauƙi, ki ɗauki yadi ja da baƙi da shuɗi mai duhu ki je da su wurin mai sayarwa ya kunna miki a kansu, ki fita da su waje ki kwatanta.

Ƙyaftawar kuma galibi ba ƙwan ba ne, ɗan akwatin da ke ba shi wuta ne, direba suke ce masa, zafi ne ke kashe shi a cikin silin. Ki sayi irin wanda direbansa daban yake ana iya canza shi kaɗai, kuma garanti ya zama a rubuce. Ga lissafi don ki ga abinda zaki bari in kin koma, a ce kina da halojin 40 masu wat 50, wat 2,000 kenan. LED masu wat 7 guda 40 wat 280 ne. A awa 12 bambancin ya haura yunit 20 kullum, ban da abinda AC ɗinki zai huta.

Sai manajan wani mol da ya shekara biyar ana aiki: "Bil ɗin wutarmu sai hawa yake. Wani kamfani ya kawo mana tayin sabon BMS, wai kwamfuta ce za ta dinga sarrafa komai. In sa hannu?"

Ranka ya daɗe tsaya tukuna. Na taɓa shiga ɗakin injin wani babban gini da ke da irin wannan kwamfutar, allon na nan a kunne da zane mai kyau, famfuna na juyawa a hoto. Na juya na kalli akwatunan da ke bango, kusan kowane makunni an murɗa shi daga AUTO zuwa HAND, wato an ƙwace shi daga kwamfuta an mayar da shi na hannu, wani har an manna masa salatif an rubuta kada a taɓa. Sensar da ke auna zafin farfajiya kuma an kafa allon talla mai fitila a gabanta, don haka ita kullum zafi take ji, kullum tana kiran ƙarin sanyi, masu gadi na sanye da rigar sanyi. Kwamfutar ba ta da laifi, babu mai sauraronta ne.

Kafin ka kashe kuɗi ka yi abu uku da ba sa buƙatar sayen komai. Ka karanta babbar mita bayan an rufe, ka sake karantawa kafin a buɗe, ka raba da awoyin, abinda ya fito shine wutar da ginin ke ci yana barci. Firji da fitilun tsaro da kyamarori suna da hujja, in lambar ta fi ƙarfinsu toh akwai abinda ke kwana a kunne. Na biyu ka je wurin cila ka duba zafin ruwan da ke fita da na wanda ke dawowa, yawanci ana tsara shi ya fita a digiri 7 ya dawo a 12. In yana dawowa a 9 ana tsakiyar rana, ruwa ne ke zagaye a banza, famfuna na cin wuta ba aikin da suke yi, ko bawul ya maƙale a buɗe ko matatun iska sun toshe. Na uku ka hau rufi ka haska tocila ta bayan ragar injin da ke fitar da zafi, in haske baya ratsawa ƙura ta like ta, wanki kawai take so.

Bayan wannan abinda zan fara saya mitoci ne ƙanana, ɗaya ga cila, ɗaya ga fitilun farfajiya, ɗaya ga lif da matakala, kowane shago da tasa. Mai haya da ke biyan kuɗin wuta gwargwadon faɗin shagonsa ba shi da dalilin rufe ƙofa ko kashe fitila, ran da ya fara ganin nasa bil zaka ga canji. Sai sensar iskar kabon, CO2 kenan. Numfashin mutane ne ke ƙara ta a cikin gini. A waje tana kusan 420 ppm, wato kashi 420 cikin miliyan, a ciki ana so a riƙe ta ƙasa da 1,000 ko kusa da haka, da ita injin zai san ranar Talata da safe ba sai ya jawo iskar waje irin ta yammacin ranar hutu ba.

In ka ga har yanzu BMS ɗin ake buƙata, sharuɗɗa biyu. Ya zama yana magana da yaren da kowa ya sani, BACnet wanda ƙungiyar injiniyoyin sanyi ta ASHRAE ta fitar a 1995 ko Modbus da ke nan tun 1979, kuma a miƙa maka duk kalmomin sirri da kwafin tsarin, kada gobe canza lokacin kunna fanka ya zama sai an kira su an biya. Sannan a rubuta a kwangila cewa za su gwada kowane sensa da kowane bawul a gaban ma'aikatanka, su koyar da su, su dawo bayan wasu watanni a sake daidaitawa, ka riƙe wani kaso na kuɗin sai an yi hakan.

Masu tambayar sola suna da yawa, na haɗe su: "Rufin mol ɗinmu fili ne babba, mu cika shi da sola? Da batir ko babu?"

Mol na cikin gine-ginen da sola ta fi dacewa da su, domin lokacin da rana ta fi ƙarfi shine lokacin da injin sanyi ya fi ci, wutar ana samar da ita ana shanye ta nan take ba sai an adana ba. Kilowat ɗaya na faifai yana cin wajen murabba'in mita 5, kuma a ƙasa mai rana yana ba da yunit 4 zuwa 5 a yini. Ku bar hanyar tafiya tsakanin layuka don wanki da masu kashe gobara. Faifan suna kuma yi wa rufin inuwa, riba biyu. Amma a fara kiran injiniyan gini ya duba ko rufin zai ɗauki nauyin da kuma fizgar iska, kuma in rufin ya kusa buƙatar gyara a gyara shi tukuna, faifan zai haura shekara 20 a wurin. A bar sarari a ƙarƙashinsa iska ta wuce, domin sama da digiri 25 kowane digiri na rage masa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100.

Abinda masu sayarwa ba su cika faɗa ba, inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama irin wadda gini ke amfani da ita, irin mai haɗuwa da wutar gari tana kashe kanta da zarar an ɗauke wuta, an yi haka ne don kare masu gyaran layi. In kuna so ta ci gaba da aiki tare da janareto sai an sa na'urar da ke daidaita su, ta hana janareton sauka ƙasa da kusan kashi 30 na ƙarfinsa, in ba haka ba injin dizal ɗin zai dinga tara baƙin mai a salansa.

Batir kuwa, ɗaukar cila da batir har dare abu ne mai tsada sosai, ni ban ba da shawara ba. Ƙaramin batir na litiyam irin LFP don fitilu da na'urorin biyan kuɗi da kyamarori da intanet, wannan da ma'ana. In sanyi ake so a adana akwai wata hanya, tankin ruwan sanyi ko na ƙanƙara, kilo 1,000 na ƙanƙara yana shanye zafi kimanin yunit 93 kafin ya gama narkewa. Ana haɗa ta lokacin da wuta ke da arha ko sola ta yi rara, a narkar da ita lokacin tsada. Inda farashin wuta ɗaya ne dare da rana kuma babu rarar sola, ba ta da wani amfani sosai.

Sauran gajeru ne. Mai babban kanti da ya tambaya ko sa ƙofar gilashi a firjin nuni zai rage ciniki: ka sa. Buɗaɗɗen firji sanyinsa zubowa yake ƙasa, yana jawo danshin shagon ya zama ƙanƙara a jikin injin, layin kuma ya yi sanyin da mutane ke saurin wucewa. Zafin da injin firjin ke fitarwa ma ana iya kama shi a dafa ruwan wanke wanke da shi.

Wanda aka yi wa tayin injunan sanyi masu tsohon gas R22 da rahusa: ka bar musu kayansu. Ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Montiriyal ta 1987 kan gas ɗin da ke lalata sararin samaniya, ƙasashe masu tasowa za su gama daina shi kusan gaba ɗaya a 2030. Gas R410A ma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya sa ana rage irinsa a hankali, ƙarfinsa wajen ɗumama duniya ya ninka na CO2 sau 2,088, R32 kuma sau 675. Inji sabo da zai yi shekara 15 ko 20, ka tambayi wane gas ke ciki da ko masu gyara na kusa da kai sun iya shi, domin R32 yana ɗan kama wuta, R290 kuwa yana kamawa sosai.

Matakala mai tafiya da kanta: a sayi mai sensa, wadda ke rage gudu in ba kowa. Mai rage gudu ta fi mai tsayawa cak, domin mutane in sun ga ta tsaya ɗauka suke ta lalace.

Wanda kuma ya tambayi takardar shaidar gini mai tsimin wuta da ruwa, LEED ta Amurka ko BREEAM ta Ingila ko EDGE: in bankin da zai ba ka bashi ko babban mai hayar da kake zawarci ya nema, ka yi wadda ya nema. In don kanka ne ka fara da EDGE ta hukumar IFC da ke ƙarƙashin Bankin Duniya, sharaɗinta ragin kashi 20 cikin 100 a wuta da ruwa da iskar kabon da aka fitar wajen ƙera kayan ginin, kuma manhajar lissafinta kyauta ce a intanet, ka sa injiniyanka ya shigar da zanen tun kafin a yi odar gilashi da kwanon rufi.